Kwamfutar da Ba a Taɓa Kashewa Ba

Kwamfutata. Caja. Faifan ajiya biyu, ɗaya sabo, ɗaya mai tsagaggen murfi. Ƙaramin sukudireba. Gorar ruwa. Jan-bakin da Yaya ta cusa min a jaka ba da sanina ba. Kwalin kek, wanda Umma ta ce in miƙa wa Injiniya da hannu biyu, ina murmushi.

Abin da ke kan cinyata ke nan a motar Yaya. Muna tsaye cikin cunkoso, esin motar ya mutu, kek yana narkewa.

"Ki shafa jan-bakin nan kafin mu isa," in ji Yaya.

"Kwamfuta zan je dubawa."

"Mai kwamfutar kuma ke zai duba. Dubi rigarki don Allah, toka-toka kamar ta mai gadi. Duk shekarun da kika yi a waje abin da kika koyo ke nan, Baturiya?"

"Tana da aljihu."

"Aljihu. Allah ya shirye ki."

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ga yadda abin yake a taƙaice. Ni ce auta a gidanmu. An tura ni karatun kwamfuta nesa da gida, na gama, na dawo, na tarar an riga an zaɓar min miji. Ba wanda ya ce dole. A gidanmu ba a cewa dole. Sai dai a ambaci sunan mutum da safe, a ambata da rana, a ajiye masa kujera a falo, har ki fara jin kamar ke ce baƙuwar.

Ana kiran sa Injiniya. Ɗan ƙawar Umma ne, yana da shagon sayar da kwamfuta da gyara. Ban san makarantar da ta ba shi sunan ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce min ba ni da kunya. Ita Umma ungozoma ce. Tana da ƙaramin asibitin awon ciki da haihuwa, wanda ta fara tun kafin a haife ni da gado ɗaya da ma'aunin jini na aro. Bara Injiniya ya rubuta mata manhajar ajiye bayanan mata, kyauta. Ma'aikata suka yi watanni suna kwafe tsofaffin katuna cikin kwamfuta. Da aka gama aka ƙone katunan a bayan asibiti, don a sami fili. Yaya ta turo min bidiyon a lokacin: Umma na dariya, hayaƙi na tashi, Injiniya na juya wuta da sanda, sanye da farar riga.

Tun daga ranar, kullum sai ya je asibitin duba kwamfutar. Kullum, har ranar hutu.

"Wanda ke kula da ƙarfe haka," in ji Umma, "ina ga matarsa."

Makon jiya kuma ya zo falonmu, ya zauna a kujerarsa, ya ce ya yi tunani. Tunda ga mai digiri ta dawo, bai kamata ya ci gaba da riƙe aikin ba. A damƙa min. Umma ta kusa hawaye. Namijin da ba ya kishin ilimin mace, ta ce, a wannan zamanin. Ni kaina na ɗan yi laushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ga saƙonninku kuma, rabinku kuna cewa in rage girman kai, irin sa ba su da yawa. To ku karanta.

Wayata ta yi ƙara a motar. Shi ne. Furanni jajaye sun kusa cika fuskar wayar, a ƙarƙashinsu:

"Barka da safiya gimbiyata, sanyin idona. Yau ranarki ce. Da kin isa, ki fara kashe babbar kwamfutar ki sake kunna ta, don ta wartsake ta san sabuwar uwar ɗakinta. Ni zan ɗan makara, ina da baƙi a shago."

Yaya ta leƙo ta karanta, ta dafe ƙirji. "Sanyin idona. Ni mijina saƙonsa na ƙarshe cewa ya yi in duba ko ya bar fanka a kunne."

Ranar ba a awo, asibitin shiru, sai Sista da ke kan tebur tana naɗe auduga. Umma ta fita duba wata mai jego a gida. Yaya ta sauke ni ta wuce kasuwa, ta ce za ta ɗauko Umma a hanyar dawowa. Sista ta ba ni makulli ta nuna min ƙofar da ke ƙarshen baranda, tsohon ɗakin katuna.

Warin ne ya fara tarbar ni. Turarensa, mai nauyin nan da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro, ya haɗu da zafin ɗaki da tsamin lemon da ya zube ya bushe. Kwalaben roba a ƙarƙashin tebur. Ɓawon ayaba da ya yi baƙi a cikin kofi. Madubi ya rataye a ƙusa, mataji a kusa da shi, gashi cunkus. Na taɓa madannan rubutu na kwamfutar na ji sun manne min a yatsa. Mutumin da ke shigo mana falo kamar an goge shi da dutsen guga, nan yake zama kullum.

Kwamfutar na ƙasa, a kusurwa, fankarta na gurnani saboda ƙura. An jona ta da manyan batura biyu, kowanne ya isa ya riƙe ɗakin haihuwa. A jikinta akwai fili mai kusurwa huɗu da ƙura ba ta taɓa ba, da guntayen salatif a kowace kusurwa.

Na leƙa waje. "Sista, mene ne aka cire a nan?"

"Takardarsa ce. Wai kada a kashe. Da jan biro, da layi a ƙasa. Har mai shara ya hana shiga ɗakin. Jiya ya ɓalle ta, ya ce yanzu ai an sami ƙwararriya."

Na koma na zauna. Na sake karanta saƙon da ke wayata. Na dubi guntayen salatif ɗin.

Ban kashe komai ba. Na tambayi kwamfutar yaushe rabon da a kashe ta. Ta ce ba a taɓa ba, tun ranar da aka fara shigar da katuna.

Sai na buɗe rubutun manhajar.

Ku yi haƙuri da ni kaɗan a nan, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane mutumin ba. Bayanan Umma abu ne cikin abu. Ga mace. A cikin macen akwai cikunan da ta yi. A cikin kowane ciki akwai zuwan da ta yi awo. A cikin kowane zuwa akwai gwajin jini, nauyi, kwanciyar yaro, maganin da aka ba ta. Kamar akwati ne, a cikinsa ƙananan akwatuna, a cikinsu wasu ƙanana. Muddin kwamfuta na kunne, tana riƙe da su duka a ƙwaƙwalwarta, kowane akwati a kan kantarsa. Amma ƙwaƙwalwar kwamfuta wuta ce ke riƙe da ita. In wuta ta ɗauke, ta shafe tas. Shi ya sa ake sauke komai a fayil, a kan faifai, inda zai zauna ko da wuta ko babu.

Irin fayil ɗin da Injiniya ya zaɓa ba ya karɓar akwati. Suna yake karɓa, da layin rubutu ɗaya miƙaƙƙe. In kana son ajiye abu cikin abu a wurinsa, sai ka fara warware shi, ka shimfiɗa shi ya zama dogon rubutu ɗaya, in ka tashi karantawa ka sake ɗinke shi. In ba ka warware ba ka miƙa masa akwatin haka nan, ba zai yi maka gardama ba. Zai ce ya ajiye. Abin da zai rubuta kuwa lambar kantar da akwatin ke zaune ce a cikin ƙwaƙwalwa. Lambar kawai. Ba abin da ke ciki ba.

Na buɗe fayil ɗin. Aikin rayuwar uwata, nauyinsa bai kai na hoton fasfo ba. Sunan mace, a gabansa jerin lambobi da haruffa. Sunan wata, jerin lambobi. Na gangara har ƙasa. Babu gwajin jini ko ɗaya. Babu ciki ko ɗaya. Duk abin da aka kwafa daga katunan da aka ƙone yana rataye ne a ƙwaƙwalwar wannan ƙazamar kwamfutar, a kan wayar wuta ɗaya da ɓera zai iya gutsurewa.

Wannan kuskuren ba shi ya ɓata min rai ba. Duk ɗan koyo na iya yin sa, don fayil ɗin ba ya kuka, kuma a fuskar kwamfuta komai na fitowa daidai. Abin da ya sa na tashi na buɗe taga shi ne wasu fayiloli da na gani a gefe: gwaji, gwaji na biyu, gwaji na gaske, gwaji na gaske na ƙarshe. Ya gano. Ya yi ta ƙoƙarin gyarawa a ɓoye ya kasa. Na duba kwanan watan na farko, na ciro wayata na nemo bidiyon Yaya.

Gwajin ya riga wutar. Lokacin da yake tsaye da farar rigarsa yana juya katunan da sanda, ya sani.

Na je banɗaki na wanke hannuna, na kurkure bakina, na dawo.

Ba a taɓa manhajar da ke gudana, don gyara ta na bukatar a tsayar da ita, tsayar da ita kuma shi ne mutuwar. Amma tana amsa wa kwamfutar teburin Sista duk lokacin da aka nemi bayanin mace. Sai na jona tawa, na rubuta ɗan gajeren umarni: ki je ki roƙi mace ta farko kamar yadda Sista ke yi, ki karɓi duk abin da ke cikinta har ƙasa, ki warware, ki shimfiɗa, ki rubuta a faifai, ki koma ki roƙi ta biyu. Layukan ba su cika fuskar kwamfuta ba. Da ya buɗe baki ya tambayi wani, ko ni ta waya, da an gama tun bara.

Na saki umarnin na zauna ina kallon sunaye na wucewa. Fankar ta ƙara gurnani. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, baturan suka fara ƙara kamar motar da ke ja da baya. Ban yi addu'a mai tsawo ba. Na dai sa ƙafa na kare wayar wutar, ban sake motsi ba har wutar ta dawo.

Da ya gama ban yarda da shi ba. Ba na yarda da abin da ya ce ya ajiye. Na kashe kwamfutata gaba ɗaya, na kunna, na buɗe sabon fayil ɗin. Na zaɓi mata birjik, daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, ina gwada kowace da abin da babbar ke nunawa. Na faɗa kan wata da Umma ta yi wa laƙabi da matar mai burodi. Ta shiga watan haihuwarta. A ƙarƙashin cikinta na baya an rubuta da manyan baƙi cewa ta zubar da jini sosai bayan haihuwa, a tanadi jini tun kafin naƙuda, kuma akwai allurar da ba ta karɓe ta ba, ga sunanta. Komai ya sauka, har manyan baƙin. Na kwafa a faifai na farko, na kwafa a na biyu, na sa ɗaya a aljihun rigar mai gadi. Sannan na gyara manhajar a kwamfutata, na rufe, na mayar jaka.

Saƙo ya shigo. "Gimbiya, kin kashe kin kunna?"

Wani ya biyo. "Kada ki ji tsoro, maɓallin na gaba ne, ki danne shi ya ɗan jima."



Tare suka shigo su uku bayan azahar. Injiniya ya jira a waje har motar Yaya ta tsaya, ina kallon sa ta taga. Riga ruwan madara mai maɓallan azurfa, wando an karya guga, takalmi mai tsini, agogo mai faɗi kamar murfin gwangwani. Shi ya karɓi jakar Umma.

"Ranki ya daɗe, sabuwar shugaba," ya ce daga bakin ƙofa. Idonsa bai tsaya a kaina ba, ya wuce kan koriyar fitilar kwamfutar. "Au, ba ki kashe ba?"

"Na bar maka."

"Haba, ai yanzu mulkinki ne."

"Kai ka gina ta. Ka nuna min yadda ake yi, in koya."

Ya yi dariya, ya dubi Umma. "Kin ji ta ko, Umma? Mai digiri na neman darasi wurin ɗan shago."

"Maɓallin na gaba ne," na ce. "A danne ya ɗan jima. Haka ka rubuto."

"Hannuna da maiƙo, yanzu na taɓa inji."

"Ga tsumma."

Yaya ta harare ni. "Baturiya, ina kek ɗin mutane? Ki bar wannan jan maganar."

Umma ta gaji, ƙafafunta sun kumbura, ta jingina da ƙofa. "Ku yaran nan da son wasa. Kashe abu ne ya zama shari'a? Matsa, Auta, ni in kashe muku, in je in zauna."

Ta sunkuya, ta dafa gwiwa da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan.

Ban dubi yatsanta ba. Shi na duba. Na ba shi wannan lokacin duka, daga sunkuyawarta zuwa isar yatsanta, kuma Umma ba ta da sauri. Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce tsaya, ko Umma dakata, ko ya yi tarin ƙarya ma, da yau wani labarin nake rubuta muku, wataƙila har da jan-baki. A saninsa, abin da ke ƙarƙashin yatsan tsohuwar nan shi ne duk matan da ta karɓi haihuwarsu tun kafin a haife ni.

Ya gyara maɓallin hannun rigarsa.

Fankar ta yi shiru.

"Shi ke nan?" in ji Umma. "To kunna."

Na kunna. Manhajar ta tashi, ga sunaye a jere kamar kullum.

"Buɗe min matar mai burodi, dama ina son in duba ta, ta kusa."

Na danna. Sunanta ya fito. A ƙarƙashinsa, inda cikunanta suke, jerin lambobi da haruffa.

Umma ta gyara tabarau. "Ina awonta?"

Na buɗe wata. Na buɗe wata.

"Auta, ina matan?"

Eh, na san na bar uwata cikin wannan halin na ɗan lokaci ina da maganinsa a aljihu. Ku zage ni a ƙasa, akwai fili. Ina son ta ji abin da zai ce ne da kunnenta.

Ya matso, ya leƙa fuskar kwamfutar, ya girgiza kai a hankali kamar likita a bakin gado. Ya sassauta murya.

"Gimbiya, me kika taɓa da safe?"

Yaya ta juyo kaina. "Na shiga uku. Baturiya, me kika yi?"

"A yi mata uzuri, Umma," ya ce. "Irin tsarinmu na nan daban yake da wanda suke koyo a can. Laifina ne ma da na bar ta ita kaɗai. Zan ga abin da zan iya cetowa, amma kada ki sa rai sosai."

Umma ta lalubi kujerar nan mai warin turare ta zauna. Leɓenta na motsi ba sauti. Na san abin da take yi, ƙoƙarin tuno sunan allurar take.

Na ciro kwamfutata na ɗora mata a cinya, na buɗe matar mai burodi. Ciki na farko, na biyu, har na yanzu, da manyan baƙin.

"Suna nan duka, Umma. Na sauke su da safe. Da na bi saƙonsa na kashe tun da na iso, da babu ko ɗaya."

Na nuna mata saƙon. Na nuna mata guntayen salatif, Sista kuwa na tsaye a baranda ta ji komai, ta faɗi abin da ke rubuce a takardar ba tare da an tambaye ta ba. Na nuna mata kwanan watan gwajinsa, na kunna bidiyon. Hayaƙi, dariyar Umma, farar riga, sanda. Ban yi dogon bayani ba. Umma ba ta san kwamfuta ba amma ta san kwanan wata, aikinta ne.

Ta ɗago ta dubi Injiniya. Ya ce zai ɗan sha iska. A baranda ya tare ni lokacin da na fita ɗebo wa Umma ruwa.

"Ki tsaya ki ji, gimbiya. Kin daɗe a waje, ba ki san mutane ba. Da a hannuna ta mutu, na gama yawo. Shagona, sunana, uwata. Ke kuwa 'yarta ce. Faɗa za ta yi miki, zuwa yamma ta kira ki cin abinci. Kuma ai kin ga na tsaya miki. Na ce a yi miki uzuri."

"Ka tsaya min."

"Wallahi. Tun jiya na shirya abin da zan faɗa don kada a yi miki tsanani."

"Matan fa?"

"Sai a sake tambayar su. Mace ai ba ta manta cikinta." Ya yi murmushi, ya matso, turaren ya rufe ni. "Amma kin ga yadda muka dace? Ni in fara, ke ki ƙarasa. Gida ɗaya za mu zama, wa zai tsaya tambayar wa ya yi me?"

Na miƙa hannu. Ya ɗauka nasa nake nema, har ya ɗago.

"Makullinka na ɗakin," na ce.

Ya ba ni. Bai da zaɓi, Sista na kallo.

Kafin la'asar na ɗora gyararriyar manhajar a babbar kwamfuta, na mayar da matan. Yaya ta fita raka shi mota, ina jin muryarta tana ba shi haƙuri, wai ƙanwarta haka take tun tana ƙarama, ba ta iya magana ba. Umma ta zauna kusa da ni tana kallo.

"Kashe ta," ta ce.

Na kashe, na kunna. Ta buɗe matar mai burodi da kanta, da yatsa ɗaya. Ta karanta har ƙasa.

"Sake."

Na sake. Ta sake karantawa. Ta ciro biro ta rubuta sunan allurar a tafin hannunta. Sai ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Tunda komai ya dawo," ta ce, "maganar ta tsaya a ɗakin nan."

"Umma."

"Uwarsa ƙawata ce tun ba ki zo duniya ba. Ita ta zauna da ni da babanku ya rasu. Mutanensa na zuwa ƙarshen mako, na riga na ce su zo."

"Yana kallon yatsanki, Umma. Yana tsaye yana gyara riga."

"Tsoro ne, Auta. Maza na da tsoro, faɗa ne ba sa yi. In ya sami mace mai kai irin ki zai gyaru."

"Ni ba shagon gyara ba ce."

"Ki iya bakinki." Ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗata, ta bar hannun a wurin ya ɗan jima. Ba ta dube ni ba. "Ki share ɗakin nan kafin ki taho. Wari yake."

Ta fita.

Na samo leda wurin Sista. Na zuba madubin, da matajin da gashinsa, da kwalbar turaren da na tsinta a aljihun tebur, da kofin da ɓawon ayabarsa. Na kai baranda na ajiye, na ɗora kwalin kek a kai, da hannu biyu kamar yadda aka ce. Jan-bakin na mayar wa Yaya a jakarta da ta bari kan benci.

Wayata ta yi ƙara. Furanni. "Na yafe miki abin da ya faru yau, sanyin idona. Sai mun zo."

Na koma ɗakin, na tura ƙofar ta rufu, na murza makullin har ya tsaya.

Su zo. Zan sa rigata mai aljihu, in shiga falon da ƙafata, in gaishe da uwarsa yadda ya kamata, in gaya musu da bakina cewa ba zan aure shi ba. Duk wanda ya tambayi dalili, zan kunna masa bidiyon.